Jirgin da Na Ɗinka wa Riga

Ina cikin shekarata ta uku a wani shagon ɗinki a unguwar Satwa ta Dubai, a 2018, wani tsoho Ba'indiye ya shigo yana neman telan da ya iya aikin hannu. Mu biyar ne a shagon, huɗu 'yan Pakistan, sai ni kaɗai daga Kano. Su gwanayen keken ɗinki ne. Ni kuwa saboda allura aka ɗauke ni, irin aikin da na koya a gidanmu a wuyan babbar riga da hula, don haka duk abin da keke ya ƙi, teburina ake turo shi. Mai shagon ya nuna ni da haɓa.

Tsohon ya ɗauki jallabiyar da nake yi wa wuya, ya juya cikinta, ya daɗe yana duba bayan ɗinkin. Daga nan na san ba sayen riga ya kawo shi ba.

"Masta," in ji shi, haka Indiyawa ke kiran tela, "ka taɓa yi wa jirgin sama ɗinki?"

Na ce na taɓa rage wa wani matuƙi tsawon wando.

"Ba matuƙin ba. Jirgin."

Na dubi mai shago. Tun da na san shi bai taɓa mayar da aiki ba, sai ya ce ai irin wannan mun saba. Suka shirya tsakaninsu cewa duk Juma'a bayan masallaci, da kuma Asabar, zan riƙa zuwa sitonsa a unguwar Al Quoz.

Siton tsohon na kayan gyaran janareta ne. Sai da muka ratsa tsakanin kantoci cike da kwalaye, muka wuce inda ma'aikata ke shan shayi, sannan muka iso wani fili a can ƙurya. Abin da na tarar bai yi kama da jirgi ba. Ƙwarangwal ne na siraran bututun ƙarfe, kamar rumfar da aka kafa ba a rufa ba, a tsaye kan tayoyi biyu da wata 'yar ƙarama a wutsiya. Kujerar matuƙi a gaba, wata a bayanta, kamar a babur. An cire fikafikan an ɗora kan wasu katakai. Su kuma katako ne zalla, haƙarƙari a jere irin na ragon layya.

Na tambaye shi ina sauran jirgin.

"Sauran kai za ka ɗinka," in ji shi.

Ya yi mini bayani a tsaye. Jirgin soja ne na Yaƙin Duniya na Biyu, ƙirar Amurka, kuma tun daga masana'anta yadi ne fatarsa. Ana shimfiɗa yadin a kan katakon, a manne gefunan, a bi shi da dutsen guga har ya ɗame kamar fatar ganga. Sannan a ɗinke shi a jikin kowane haƙarƙari, ƙulli bayan ƙulli, don kada iska ta ɗaga shi a sama. Wannan ɗinkin ne ya rasa mai yi. Ya gwada da kansa, amma hannunsa rawa yake yi. Ya gwada masu gyaran kujerun mota, suka ce a ba su bindigar ƙusa su gama a yini ɗaya.

Yadin fari ne, ba ado, likkafani ma ya fi shi laushi. Allurar kuwa basilla ce mai tsawon kamu biyu. Na ce bismillahi na fara. Cikin sati biyu na gama haƙarƙari uku, da wani ƙulli da mahaifina ya koya mini, wanda ban taɓa jin ya kwance a jikin rigar kowa ba.

A sati na uku wata injiniya 'yar Filifin ta zo. Ita ce mai dubawa, domin ba a barin jirgi ya tashi sai da sa hannun mai lasisi. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, tana yawo da rula a aljihun gaba. Ta auna tazarar ƙullin, ta shafa su da yatsa, ta sa tabarau ta sake dubawa.

"Ya yi kyau ƙwarai," ta ce. "Warware."

Na ce mata nawa ya fi na littafinta ƙarfi, in tana so ta ja ta gani.

"Zai yiwu. Amma na littafin an yi shekara saba'in ana tashi da shi. Naka wa ya taɓa tashi da shi?"

Babu wanda ya taɓa. Da almakashina ta yanke na farko, ta miƙo mini na ƙarasa sauran. Ta zauna ta koya mini ƙullin littafi sau uku, ni da na riƙe allura tun kafin a haife ta. Ta kuma hana ni dutsen gugata, ta kawo wani mai ma'aunin zafi. Da ta ga na kurɓi ruwa zan fesa wa yadin kamar yadda muke yi, sai ta tsaya tana kallona har na haɗiye.

Ɗinkin ba na mutum ɗaya ba ne. Ana tsayar da fiffiken a gefensa kamar bango, ni ina wannan ɓangare, wani yana wancan. In na soka basilla ta ɓulla, shi zai karɓa ya zagaya haƙarƙarin ya dawo mini da ita, ni kuma in ƙulla. Tsohon ya ce shi zai tsaya a wancan ɓangaren, ba ya son ma'aikatansa su taɓa. Haka muka yi watanni muna hira ba ma ganin juna, sai inuwarsa a jikin yadin, da basilla tana fitowa tana rawa.

A nan na ji tarihin jirgin, gutsi-gutsi, tsakanin "karɓa" da "dawo da ita".

Ya ce jirgin soja ne amma ko bindiga ɗaya ba shi da ita. Aikinsa aike da leƙe. Inda babu hanyar mota, shi ke kai takarda ko hafsa daga wannan runduna zuwa waccan. Shi ke tashi ƙasa-ƙasa, a hankali, mutumin kujerar baya yana riƙe da taswira yana leƙen inda abokan gaba suka ɓuya, ya gaya wa masu igwa ta rediyo su ƙara dama ko su rage. Yana ɗaukar hoto. Yana jefa wa sojojin da aka yanke wa hanya magani da wasiƙu. Sojoji suna ce masa jif mai tashi, wato 'yar motar soja mai shiga ko'ina, don duk inda aka share ɗan fili da adda zai sauka. Matuƙansa da yawa ma ba hafsoshi ba ne, saje-saje ne.

Na tambaye shi in an harbe shi fa.

"Harsashi ya shiga ta nan ya fita ta can," in ji shi daga bayan yadin. "Yadi ne, Masta. Da yamma sai a yi faci."

Mai facin mahaifinsa ne. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin gyaran jiragen a wani sansani kusa da iyakar Indiya da ƙasar Bama, ya yi yaƙin duniya gaba ɗaya da allura da gwangwanin fenti. Har ya rasu, in ya ji ƙarar ƙaramin jirgi sai ya bar abinci ya fita waje. Shi ya sa da tsohon ya ji labarin akwai ɗaya a wata rumfa a arewa maso gabashin Indiya, tattabaru suna ƙwai a kujerar matuƙi, ya je ya kwaso shi. Bayan yaƙi an yi gwanjon irinsu da yawa. Wannan ya yi wa wani mai gonar shayi aiki, sannan ya koma hannun wata ƙungiyar koyon tuƙi, sannan aka tura shi rumfa aka manta da shi.

Da ya ce Bama, na tsaya da zaren a hannu. Na san sunan. Kakana na wajen uba ya je yaƙin Bama, yana cikin sojojin da Turawa suka ɗiba daga ƙasarmu. Muna yara mun ɗauka Bama ta Borno yake nufi, muna mamakin yadda ya yi sati-sati a jirgin ruwa kafin ya isa. Sojan dako ne, shi ke ɗaukar akwatin harsashi a ka cikin daji. Ya dawo yana ɗingishi, da labarai masu yawa. Yana da labarin damisar da ya kora da kwanon abincinsa. Yana da na macijin da suka zauna a kai su shida suna tsammanin kututture ne. Yana kuma da na jirgin sama na yadi, wanda ya ɗauke shi daga daji bayan an harbe shi a ƙafa. Ya ce an zura shi ta gefe yana kwance, ya sa yatsa ya danna bangon jirgin, bangon ya lotsa.

Cikin labaran uku, na jirgin aka fi yi wa dariya. Mutanen Kano sun san jirgi, kullum yana wucewa ta saman gidajensu, kuma kowa ya san ƙarfe ne. In ya fara, sai manya su tambaye shi shadda ce ko atamfa. Ni ma na tambaya, ina ɗan shekara goma, aka yi dariya sosai, na ji daɗin kaina. Shi bai yi fushi ba. Ya ce, "Fari-fari ne daga ciki," ya ci gaba da cin goronsa. Bayan shekara biyu ya rasu.

Ban gaya wa tsohon nan take ba. Na gama haƙarƙarin da muke kai, na zagaya wancan ɓangaren, abin da ban saba yi ba, na tambaye shi ko irin wannan jirgin yana ɗaukar wanda aka ji wa rauni.

Ya ajiye basilla ya ja ni wajen ƙwarangwal ɗin. A gefen dama, bayan kujerar matuƙi, akwai wata doguwar ƙofa da ke buɗewa ƙasa. Na sha ganinta, na ɗauka ta zuba kaya ce. Ya ce ana naɗe kujerar baya, a zura mutum ɗaya a kwance a kan gadon ɗaukar majiyyaci. Ya ce a dajin Bama irin waɗannan jirage sun kwashe masu rauni da yawa, ɗaya bayan ɗaya, har da sojojin Afirka, mahaifinsa ya gan su da idonsa.

Sai na ba shi labarin kakana. Na haɗa da tambayar shadda da atamfa, don ban ga amfanin ragewa ba.

Ya tafi ofis ya dawo da wani tsohon littafi a cikin leda, littafin da ake rubuta kowane tashi da saukar jirgin. Ya buɗe ya nuna mini. Shafukan farko babu su, gara ta cinye. Rubutun ya fara ne daga zamanin mai gonar shayi.

"Ba zan ce maka wannan ne ya ɗauke shi ba," in ji shi. "Ban ma san ko ya taɓa shiga Bama ba. Na so in sani, saboda mahaifina. Irinsa ne dai."

Na ce irinsa ma ya isa.

Bayan wata huɗu, da muka rufe gangar jikin da yadi, ana son a gwada ko ƙofar tana rufuwa da mutum a ciki. Injiniya ta ce a sa buhunan yashi. Tsohon ya ce buhu ba ya cewa an matse shi, ya dube ni. Aka shimfiɗa katako, na cire takalmi na kwanta, ma'aikata biyu suka ɗaga ni suka zura. Na gaya musu a garinmu mutum ba ya son a ɗauke shi haka yana da rai, amma ba su ji Hausa ba. Aka rufe ƙofa.

Wurin matsattse ne. Kaina yana dab da bayan kujerar matuƙi, ƙafafuna sun nufi wutsiya. Hasken sito yana ratso yadin, ko'ina fari-fari. Na ɗaga yatsa na danna. Ya lotsa, ya dawo.

Na yi tunanin kakana, mutumin da bai kai shekaruna na lokacin ba, ƙafarsa a fashe, bai san yaren matuƙin ba, bai taɓa hawa sama ba, abin da ke tsakaninsa da daji ƙyalle ne. Ya dawo gida ya faɗa, jikansa ya tambaye shi atamfa ce. Na karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku a wurin. Daga waje injiniya ta ƙwanƙwasa ta ce yaya. Na ce kafaɗar hagu tana taɓa ƙarfe. Ta rubuta.

Ranar da yamma na kira gwaggona a Kano, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Na sa jikarta ta nuna mata hotunan a waya.

"Wannan kejin kaji ne ko me?"

"Jirgin Baba ne, Gwaggo. Na yadin nan da yake faɗa. Irinsa ne."

Ta sa jikar ta sake nuna mata hotunan.

"Kai ka taɓa shi da hannunka?"

"Ni na ɗinka shi, Gwaggo. Har na kwanta a ciki."

"Ya lotsa?"

"Ya lotsa."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba." Ta ja hanci. Can ta ce, "To ka tambayi mutumin nan maganar damisar."

Na tambaye shi ranar Juma'a. Ya ce akwai damisa a dajin, amma batun kwano ba shi da masaniya. Na isar da saƙo. Gwaggo ta ce tunda akwai damisar, sauran mai sauƙi ne. Kafin wata ya ƙare duk dangi sun ji cewa na gano ainihin jirgin da ya ɗauko Baba, har da jininsa a jikin katako. Na gyara maganar sau biyu, na ga ba mai so, na bari.

Bayan ɗinki sai fenti, shafi a kan shafi, da wani wari mai hawa kai wanda ya sa abokan kwanana a Satwa suka roƙe ni in riƙa barin rigar aiki a baranda. Muna kan shafin ƙarshe korona ta shigo, a 2020. Aka rufe shago, aka rufe sito, na yi watanni ina ɗinka takunkumin fuska a ɗaki. Da aka buɗe na koma, na tarar tsohon ya rame, wandonsa yana neman tela. Ya kwanta asibiti ya tashi. Ya ce 'yarsa ta ce khalas, wato ya isa haka, ya tattara ya koma gida kusa da ita. Game da jirgin kuma, ya yi magana da wata ƙungiya a Turai masu kula da tsofaffin jirage, suna da fili mai ciyawa da matuƙan da suka san irinsa. Su zai ba.

"Amma sai na ji muryarsa tukuna," in ji shi.

Wata Asabar da safe aka turo jirgin filin gaban sito, ba fikafikai, aka ɗaure wutsiyar a jikin wata babbar mota. Injiniya ta shiga kujerar gaba. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, a na uku ya kama. Iskar farfela ta kwashe kwalayen maƙwabcinmu mai sayar da tayil, ta watsa su har bakin titi. Maƙwabcin ya fito zai yi faɗa, ya ga abin da ke ƙara, ya koma ya ɗauko waya yana ɗauka. Tsohon yana tsaye da hannu ɗaya a kan kafaɗata, bakinsa yana motsi, ban ji abin da yake cewa ba saboda ƙara. Minti biyar aka yi aka kashe. Ya goge fuska ya ce hayaƙi ne. Na ce lallai hayaƙin yana da yawa.

A farkon 2021 aka naɗe fikafikan da barguna, aka sa komai a kwantena. Na raka ta har ƙofar tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, inda ba a barin irina su wuce. Tsohon ya tafi bayan sati uku. Ya bar mini basilla ɗaya cikin biyun da muka yi aiki da su.

Wajen ƙarshen bazara ya turo mini bidiyo na daƙiƙa arba'in. Wani fili ne kore, sama duk gajimare. Jirgin ya ɗan ruga kaɗan, kamar bai yi niyya ba, sai ga shi a sama. Mai ɗaukar yana ihu da wani yare, rabin hoton kuma babban yatsansa ne. Na kalla ya fi sau ashirin, ina tsayarwa ina duba fiffiken hagu, inda na san akwai wani layi da ya ɗan karkace. Bai buɗe ba.

A watan Disamba na bar Dubai gaba ɗaya. A jirgin dawowa aka ba ni kujerar taga, daidai kan fiffike. Tun kafin mu tashi na manna goshi a gilashi ina bin layukan ƙusoshin da ido, ina duba ko tazararsu ɗaya ce. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke gefena ya lura, ya dafa hannuna.

"Malam, kwantar da hankalinka. Na fi sau hamsin ina bin hanyar nan, lafiya lau za mu sauka in sha Allahu."

Na ce masa ba tsoro nake ji ba, aikin nake dubawa.

Ya tambaye ni ko injiniya ne ni. Na ce tela ne. Ya gyaɗa kai a hankali, ya janye hannunsa, bai sake yi mini magana ba har muka sauka.